Ko rashin karatun boko ne ke hana mata zuwa awo?

Wata malamar Islamiyyar matan aure a cikin birnin Zariya ce ta aiko da tambayar. Ta ce ajinta ba ya rabuwa da masu juna biyu, yawancinsu iyakarsu firamare, wasu ma ba su taɓa leƙa makarantar boko ba. Tana yawan jin ana cewa irin waɗannan matan ne ba sa zuwa awo, su ne kuma aka fi rasawa wajen haihuwa. Tana so ta san gaskiyar maganar, da abin da za ta iya yi wa ɗalibanta, tun da ba za a mayar da mai ciki wata biyar aji ɗaya ba.

Malama, Allah ya saka miki da alheri. Maganar da kike ji tana da tushe, ba ƙage ba ce. Sai dai yadda ake faɗinta yana sa a ɗauka takardar shaida ce ke tsare mace, alhali wasu 'yan abubuwa ne sanannu da makaranta ke bari a hannun yarinya. In aka gane su, yawancinsu ana iya koya wa mace tun kafin ta sauke cikin da take ɗauke da shi, kuma aji irin naki ya fi ɗakin awo sararin koyar da su.

Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 67 cikin 100 na matan Najeriya ne suka ga ƙwararren ma'aikacin lafiya, ko da sau ɗaya, a cikinsu na baya-bayan nan. Da aka raba su bisa karatu, waɗanda ba su yi makaranta ba kashi 45 ne suka je, waɗanda suka wuce sakandare kuwa kashi 97. A wajen haihuwa ratar ta ƙara faɗi: kashi 15 na rukunin farko ne suka haihu a asibiti, rukuni na biyu kashi 88. Akwai kuma adadin da ba a cika ambatonsa ba. A ƙasar baki ɗaya, kashi 18 kacal ne suka fara awo a wata ukun farko. Ke nan makara wajen yankar kati ta game kowa, har da masu karatun.

Tun kafin wannan, a nan Zariya aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da ake kafa hujja da su kan haihuwa a Afirka. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere, daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, mafi yawan matan da suka rasu, nesa ba kusa ba, waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, an kawo su ne bayan abu ya riga ya ɓaci a gida. Macen da ta yi awo, ko ba ta san harafi ɗaya ba, haɗarinta ya yi ƙasa ƙwarai. Harrison ya tsaya a kan cewa karatun 'ya'ya mata shi ne magani mai ɗorewa, kuma shekarun da suka biyo baya ba su ƙaryata shi ba. Amma ki riƙe ɗaya ɓangaren ma, domin shi ne ya shafi ajinki: zuwa awon da kansa yana ceto.

Wajen karanta waɗannan alƙaluma akwai abu biyu da za a kiyaye. Masu irin wannan ƙidaya karatun boko suke tambaya, don haka macen da ta sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ta yi Ahalari da Ishmawi, a takardarsu tana cikin waɗanda ba su yi makaranta ba. Sannan rashin boko yakan zo tare da talauci da nisan asibiti. Mai digiri a Samaru tana da albashi, motar haya ɗaya ce tsakaninta da asibitin koyarwa na Shika. Wadda ke ƙauye a can bayan Giwa ko Soba, da damina hanya ma aiki ce. Duk da haka, idan masu bincike suka kwatanta matan da ƙarfin aljihunsu da mazauninsu ɗaya ne, ratar takan ragu amma ba ta ɓacewa. Akwai abin da karatun ke yi shi kaɗai.

Na farko a cikin abubuwan da makaranta ke bari a hannun yarinya lissafin kwanaki ne. Ciki mako 40 ne, kwana 280, ana ƙirgawa daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara zuwa. Ma'aikatan awo sukan ƙara kwana bakwai a kan wannan rana sannan su ƙirga wata tara: in jinin ya fara ranar 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwa wajen 17 ga Oktoba. 'Yar boko takan zo da ranar a wayarta. Ɗalibarki takan ce "tun kafin azumi", sai a rubuta abin da ya samu. To ai babu macen da ta fi mai kiyaye salla sanin ranar da jini ya zo mata, tun da ranar ce ta ajiye salla. Ki saba musu da rubuta wannan rana kowane wata a bayan littafin karatunsu, ko da ajami, ko da watan Musulunci. Kwana 280 ya yi daidai da wata tara da rabi na watan sama, ma'ana wadda jininta na ƙarshe ya fara 1 ga Muharram za ta sa rai wajen tsakiyar Shawwal. Wannan lissafi ba ƙaramin abu ba ne a ɗakin awo. Da shi ake sanin lokacin fara maganin kariyar zazzaɓi. Da shi ake gane ko yaro yana girma daidai, domin daga mako na 24 tsawon ciki a tef, daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, yakan yi kusan daidai da yawan makonni, da bambancin santimita biyu sama ko ƙasa. Da shi ake sanin naƙudar bakwaini ce ko ta cikakken ciki, da kuma ko ciki ya zarce mako 41 har ya kamata a tayar da naƙuda. Hoton ciki yana taimakawa, amma na farkon ciki ne ke ba da rana mai kyau. Wanda aka yi a wata takwas yana iya kuskure da mako uku.

Na biyu, ɓoye ciki. Kunyar cikin fari, tsoron baki, gudun kada kishiya ko facaloli su sani, duk suna sa mace ta yi shiru har sai ciki ya fito da kansa. Da yawa sai wata shida ko bakwai suke zuwa, su ma don a samu kati ne kawai, saboda kada a yi musu faɗa ranar da haihuwa ta zo da gardama. Makaranta tana rage wannan kunyar, domin yarinyar da ta saba tashi ta yi magana gaban malami ba ta jin nauyin gaya wa nas cewa ta yi ɓatan wata. Abin da ya kamata ɗalibanki su gane shi ne kati ba ya maganin komai, abin da ake yi a watannin ne ke aiki, kuma kowane yana da lokacinsa. Ƙarancin jini ba ya gyaruwa a mako ɗaya, ƙwayar ƙarin jini tana buƙatar watanni. Allurar tetanus, mai hana jariri ciwon sarƙewar haƙora ta hanyar cibiya, sau biyu ake yi wa wadda ba ta taɓa yi ba, da tazarar mako huɗu, ta biyun kuma a yi ta aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV in ta fara magani da wuri, da wuya ta sa wa jaririnta. Ciwon sanyi na sifilis, da ke kashe yaro a ciki, allurar fenisilin ke maganinsa in an gano shi a kan lokaci. Ana iya zuwa awo ba tare da unguwa ta sani ba, ma'aikaci kuma ba shi da ikon faɗa wa kowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta mayar da mafi ƙarancin zuwa awo sau takwas maimakon huɗun da aka sani a da. Na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sannan mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ki lura yadda suka matsu a ƙarshe. Dalili shi ne hawan jinin masu ciki yakan taso ne a watannin ƙarshe, kuma yana iya tasowa cikin mako biyu ga wadda awonta na baya lafiya lau ne.

Abu na uku, kuma a ganina shi ne mafi nauyi, shi ne iya tambaya da iya karanta kati. Macen da ba ta yi makaranta ba takan miƙa hannu a ɗaura mata abin awo, a rubuta, ta karɓi magani ta tafi, ba ta san me aka gani ba. In ba a kira ta an yi mata bayani ba, a wajenta komai lafiya. Alhali lambobin da ke kan katin da suka shafi rayuwarta ba su da yawa, duk wadda ke iya danna lambar waya za ta iya karanta su. Awon hawan jini lamba biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, hawan jini ne, dole a duba fitsari a ga ko akwai sinadarin furotin a ciki. In ta kai 160 bisa 110, ba maganar a dawo mako mai zuwa, ranar za a kwantar da ita ko a tura ta babban asibiti. Yawan jini kuma ana rubuta shi da haruffan PCV: ƙasa da 33 jini ya yi kaɗan, in ya gangaro wajen 21 abin ya yi tsanani, domin zubar jinin da wata za ta jure wajen haihuwa ita zai iya tafiya da ita. Sai rukunin jini. Wadda aka rubuta wa alamar ragi kusa da harafin jininta tana buƙatar allurar Anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, in ba haka ba jininta na iya yaƙar 'ya'yan da za ta haifa nan gaba, a yi ta rasa su ana cewa wabi ne. Mai sikila kuwa, awonta da haihuwarta a babban asibiti ne tun daga farko.

Ki sa su haddace tambaya uku kamar yadda suke haddace addu'ar fita daga gida, su yi wa ma'aikaciya kafin su tashi daga kujera: nawa ne awon hawan jinina yau, jinina ya isa ko bai isa ba, yaushe zan dawo kuma me zan gani in taho kafin ranar. Hakkinta ne a amsa mata da Hausa.

A nan dole a faɗi laifin ɓangaren asibiti, don ba adalci ba ne a ɗora wa mata komai. Macen da ta zo tun bakwai na safe, ta zauna a benci har azahar, sannan aka daka mata tsawa gaban mutane don ta makara ko don haihuwarta ta tara ce, ba za ta sake dawowa ba, za kuma ta hana maƙwabciyarta. 'Yar boko takan mayar da magana ko ta canza asibiti. Wadda ba ta yi ba sai ta haɗiye, ta koma gida. Wani sashe na ratar da ake ɗora wa rashin karatu, a gaskiya bambancin yadda ake karɓar mutane ne. Tafiya rukuni tana rage wannan: in ɗalibai uku ko huɗu suka je rana ɗaya, da wata babba mai baki a cikinsu, ana saurarensu, mai gida ma ya fi sakin jiki ya bari.

Game da magungunan awo, yawancin waɗanda suka daina sha ba a gaya musu abin da za su gani ba ne. Ƙwayar ƙarin jini, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60, kullum ake sha tare da folik asid. Tana mayar da bayan gida baƙi, tana iya kawo tashin zuciya ko taurin bayan gida. Duk wannan ba cuta ba ce. A sha ta bayan abinci ko da dare, kada a haɗa da shayi domin yana hana jiki tsotse ta, lemo ko gwaba kuwa suna taimakawa. Maganar cewa tana sa yaro ya yi ƙato har a kasa haihuwa ba ta da tushe, abin da take yi shi ne ba uwa jinin da za ta jure haihuwar. Zogale, alayyahu, wake, hanta da ƙwai suna ƙarawa, amma ba sa maye gurbin ƙwayar. Maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansidar, ƙwaya uku ake haɗiya lokaci ɗaya a gaban ma'aikaciya, daga mako na 13, da tazarar wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ba a ba wadda ke shan Septrin kullum, ko wadda magungunan salfa ke sa wa ƙuraje. Mace na iya jin lafiyarta ƙalau alhali ƙwayar zazzaɓin ta taru a mabiyiya tana rage wa yaro abinci, shi ya sa ake sha ko ba a jin ciwo, a kuma kwana cikin gidan sauro.

Na huɗu shi ne izini da kuɗi. Masana sukan kasa jinkirin da ke kashe mai haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Karatu ya fi tasiri a na farko. Mace mai abin hannunta tana iya tare Keke Napep ta tafi ta buga wa mai gida waya a hanya. Wata kuwa jini na zuba, mai gida yana kasuwar Sabon Gari ko ya yi tafiya Kudu, uwar miji ta ce a jira. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Maganin wannan ba ya buƙatar boko. Tun ciki yana wata bakwai, mai gida ya furta a gaban mahaifiyarsa da sauran mutanen gida cewa ya ba da izini, duk lokacin da aka ga alama a tafi ko ba ya nan. A ajiye lambar direba biyu da za su ɗaga waya da tsakar dare. A san asibitin da ke aiki dare da rana. A tanadi 'yan uwa biyu da aka gwada jininsu, waɗanda suka yarda za su bayar, domin neman ledar jini da ƙarfe biyun dare ya cinye rayuka da yawa. A kuma ware kuɗi, ko ta adashi. Jihar Kaduna ta daɗe da tsarin kula da masu ciki kyauta a asibitocin gwamnati, akwai kuma inshorar lafiya ta KADCHMA, amma kuɗin mota da wani gwaji ko maganin da ya ƙare a ranar suna iya faɗowa kan iyali. Karatun miji ma yana da tasiri sosai a nan, don haka in kina da hanyar isar da magana ga limamin unguwa ko malaman da ke karantar da mazan a zaure, wannan maganar izinin ita ce za ki aika.

Na biyar ba ya gyaruwa a cikin da ake ciki, amma a san shi. Makaranta tana jinkirta cikin fari. A binciken na 2018, kashi 44 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da ba su yi makaranta ba sun riga sun haihu ko suna da ciki, a kan kashi 1 na waɗanda suka wuce sakandare. Yarinya 'yar sha huɗu ko sha biyar ƙugunta bai gama buɗewa ba, ta fi shiga haɗarin jijjiga da doguwar naƙuda. In kan yaro ya daɗe a toshe, yakan matse naman da ke tsakanin mafitsara da farji har ya mutu, bayan kwanaki ya zube, yoyon fitsari ke nan. Yankan gishiri da ake yi wai don buɗe hanya ba ya buɗe komai, tun da ƙashi ne ya tare, sai dai ya huda mafitsara ko ya jawo zubar jini. Ana gyaran yoyon fitsari a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, duk wadda kika sani tana ɓoye da wannan lalura ki nuna mata hanya. Wani abin ƙarfafa gwiwa daga binciken Zariya na wancan lokaci: ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka ba maganin kariyar zazzaɓi da na ƙarin jini, da yawansu sun ci gaba da ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Don haka ƙaramar amarya ita ta fi kowa buƙatar fara awo da wuri, kuma ko an kai ta gida goyon ciki, a tafi da katinta a ci gaba, haihuwar kuma a asibiti. Haka mai haihuwa ta biyar zuwa sama, wadda takan ce ta saba. Mahaifarta ta fi saurin sakewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle.

Kada kuma ɗalibanki su ɗauka duk abin da 'yar boko ta yi shi ne daidai. Masu karatu suna da nasu kurakuran, wasu ma sun fi haɗari saboda ana yinsu da ƙarfin gwiwa. Akwai mai zuwa hoton ciki kowane wata ta ɗauka awo ke nan, alhali na'urar ba ta auna hawan jini ba, ba ta duba fitsari ba. Akwai mai rubuta wa kanta magani a kemis: Diclofenac, Ibuprofen ko Feldene don ciwon baya, waɗanda a watannin ƙarshe suna iya taɓa ƙodar yaro da jijiyar zuciyarsa, ko Tetracycline mai ɓata haƙoran yaro. Mai hawan jini tun kafin ciki da ke shan Lisinopril dole a canza mata zuwa irin su Aldomet ko Nifedipine da zarar an san da cikin. Akwai mai ɗaukar shawarar zauren WhatsApp sama da ta likitan da ya taɓa cikinta. Mafi muni shi ne kiran wata ma'aikaciya a unguwa ta zo gida ta yi allurar naƙuda ko ta sa ƙwaya don haihuwa ta zo da sauri. Allurar oksitosin da ƙwayar misoforostol suna ceton rai in an ba da su bayan yaro ya fito, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. In aka ba da su ba bisa ƙa'ida ba yaro yana ciki, mahaifa na iya fashewa. Jiƙe-jiƙen saurin naƙuda ma haka, tun da ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofin. Sai gudun tiyata, wanda ya game masu karatu da marasa shi. Wadda aka taɓa yi wa aiki ba ta da wurin haihuwa sai asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, domin tabon yana iya buɗewa ana cikin naƙuda. Kuma a bar mahaifa ta huta shekara biyu kafin wani cikin.

Alamomin da ba a kwana da su a gida, ki maimaita musu har su zauna: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu ko walƙiya, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zazzaɓi mai zafi, numfashi sama-sama, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, raguwar motsin yaro, da naƙudar da ta wuce awa 12, wato wadda rana ta fito ta faɗi a kanta. Hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, wannan ma a tafi nan take.

Jijjiga ta cancanci a tsaya a kanta, saboda a nan ne maganarki za ta fi ta likita shiga. Mai ciki ko mai jego ta faɗi tana karkarwa, idanu sun juye, sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, a turara hayaƙi, awanni su wuce. Hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinta, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu domin zai iya wucewa huhu, a kawar da wuta daga kusa, a nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya, ba wanda ya hana. A asibiti akwai allurar magniziyam salfet da ke tsayar da jijjigar, sannan a sauke hawan jinin a raba ta da cikin. Jijjiga tana iya zuwa har bayan haihuwa, musamman a kwana biyun farko. In malamar da ke karantar da su tauhidi ta ce musu neman magani ba ya karo da tawakkali, za su ɗauka fiye da in nas ce ta faɗa.

Bayan haihuwa ma akwai abin da karatu bai cika sauyawa ba, domin mai jego tana hannun uwa ko kaka ne ko da digiri gare ta. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun yi rubutu kan yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan ban da waɗannan, amma gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki yana ɗaga hawan jini, wannan ba a ja a kansa. A rage kanwar sosai, ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda hannu ke jurewa, wadda kuma ta yi hawan jini a cikinta ta bar kanwa gaba ɗaya. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, zuciyarta ce ta gaza, a kai ta asibiti ranar. Duba mai jego da jariri sau huɗu ne: cikin awa 24, rana ta uku, tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida. Ko a gida aka haihu, a je a rana ta farko, a nan jariri zai karɓi rigakafinsa na farko a kuma duba cibiya.

Hanya mafi sauƙi da za ki fara ita ce ki je asibitin shan magani na mazaɓarku ki ga shugabar ɗakin awo. Ki tambaye ta ranar da suke yankar sabon kati, ranakun awo, gwaje-gwajen da ake yi a wurin da waɗanda sai an je babban asibiti, da ko suna karɓar haihuwa da dare. Ki roƙe ta ta zo ajinki sau ɗaya a wata da abin awon hawan jini, masu ciki su zo da katunansu a karanta tare, lamba bayan lamba. A gayyato iyayen miji su zauna a wannan zama, ko ba ɗalibai ba ne.